"Aboki" a Nollywood, "Buzu" a Kannywood: wa ke yi wa wa dariya?

Duk sanda fim ɗin Kudu ya nuna Bahaushe a matsayin maigadi mai karyayyen Turanci, sai Facebook ya ɗauki zafi. "Aboki" suke ce masa, aikinsa bai wuce buɗe get da ba da dariya ba. Muna da hujjar jin haushi, domin samarin Gwandu da Kalgo da yawa suna ci-rani a Legas da Ibadan, kuma kallon da fim ya koya wa mutane shi ake yi musu a tasha da kasuwa.

To amma mu fa? Tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, barkwancin Kannywood yake cin kasuwa da kwaikwayon bakin Bagwari da Bayarabe da Buzu. Baƙo ya shigo, ya kwaɓa Hausa, mu ƙyalƙyale, a wuce. Ba kasafai ake nuna abin da ya raba shi da gida ba.

Mu 'yan Kebbi wannan ya fi shafa. Jiharmu ta yi iyaka da Nijar da Benin. Da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, garuruwa irin su Kamba sun ji a jikinsu, har aka buɗe a Maris 2024. Mai shayin unguwarku wataƙila Bazabarme ne daga Dosso. Ita kanta Kannywood ta ci moriyar baƙi: a Libreville aka haifi Hadiza Gabon, Fati Nijar kuwa 'yar Maraɗi ce.

Akwai wata hanyar. A 1966 Ousmane Sembène ya yi fim kan 'yar Senegal mai aikatau a Faransa, ya bar mu muka ji abin da ke ranta. Io Capitano na 2023 ya bi wasu samari biyu daga Dakar ta Agadas da Libiya, mai kallo yana ganin hamada da idonsu. Bambancin yana wurin wanda aka ba wa labarin.

Yanzu kyamara tana hannunmu. Kafin ka ɗora bidiyon barkwanci a TikTok, tambayi kanka: da a Legas aka yi wa yayanka irinsa, za ka danna masa layik?