Duman Kada: Duma Ne Ko Dankali?

Duk wanda ya ratsa fadamun Sassumbrum da gefen tafkunan ƙasar Magariya da Dungas ya san duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi. Tsiro ne mai yaɗo a kan yashi mai danshi, yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa har ya lulluɓe ƙasa. Ganyensa faffaɗa ne, furensa ruwan hoda mai sirkin shuni, da siffar mazurari.

Masana tsirrai sun raɗa masa suna Ipomoea asarifolia, suka sa shi cikin dangin Convolvulaceae. A wannan rabon, ɗan'uwansa na jini shi ne dankali, wato Ipomoea batatas. Duman da muke fafe ƙwarya da ludayi da shi kuwa, Lagenaria siceraria, yana can cikin dangin kabewa da guna. Daga nan ne wasu ɗalibai ke yanke hukunci cewa Bahaushe ya yi kuskure, tunda kama da wane ba wane ba ne. A ganina, wannan hukunci gaggawa ce.

Rabe-raben biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Tsarin suna mai kalma biyu da Linnaeus ya kafa a 1753 yana bin dangantaka ne, ta hanyar duban fure da ƴaƴa. Shi kuwa sunan Hausa yana duban yadda tsiro ke rayuwa da abin da zai amfana wa mutum. Kalmar farko ta nuna siffa: yana yaɗo kamar duma. Ta biyu ta nuna mazauni, wato bakin ruwa inda kada yake, ta kuma yi gargaɗi cewa wannan ba na mutane ba ne. Haka gautan kura da albasar kwaɗi suke: a ɗauki sunan abin da ake nomawa, a jingina shi ga dabba, sai ma'anar ta koma "na daji, ba a ci". Gargaɗin kuma yana da tushe, domin likitocin dabbobi sun tabbatar cewa tumaki da awaki da shanu kan kamu da makyarkyata idan suka ci ganyen duman kada da yawa.

Ita ma Latin ɗin ba ta kuɓuta daga kamance ba. Akwai ɗan'uwan duman kada da ke shimfiɗe a yashin bakin teku, daga Ikko zuwa Kwatano, yana jure gishiri da iska. Sunansa Ipomoea pes-caprae, ma'ana "ƙafar akuya", saboda ganyensa a tsage yake kamar kofato. Ashe masani ma dabba ya nema da ya tashi raɗa suna.

Abin da ya rage gare mu ɗaliban harshe shi ne aiki. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ƙamusun Bargery ya biyo baya a 1934, amma yawancin abin da suka ji daga bakin mutanen Nijeriya ne. Karin harshen Damagaram yana jiran masu rubuta shi. Mu je wurin makiyaya da masu magani da manoman fadama, mu rubuta kowane suna da karin sautinsa da tsawon wasalinsa, da garin da aka ji shi, sannan mu haɗa da sunan kimiyya bayan masanin tsirrai ya tantance. Sunan Latin zai hana mu rikita tsiro da wani, na Hausa kuma zai adana sanin da makiyayi ke kare garkensa da shi. Ƙamusun da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.