Kunle Afolayan da Ƙa'idar Hana Tsafi a Fim

A watan Mayun 2024, a wajen wani taro a Enugu, shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, Dakta Shaibu Husseini, ya sanar da cewa minista Hannatu Musawa ta amince da ƙa'idar da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi da shan taba a fina-finai da bidiyon waƙoƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun a 2022 Majalisar Wakilai ta koka kan yawaitar kashe mutane don tsafi, ta kuma ɗora wa masu shirya fim wani kaso na laifin. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da manufar. Wuyar aikin tana hannun jami'in da za a ajiye wa fim a gabansa: ta yaya zai rarrabe mai tallata tsafi da mai tona masa asiri, alhali dukansu biyu suna nuna gunki da boka da jini? Rayuwar darakta Kunle Afolayan ta isa ta zama ma'auni.

Afolayan gadon sana'ar ya yi. Mahaifinsa, Adeyemi Afolayan, wanda aka fi sani da Ade Love, yana cikin manyan masu wasan kwaikwayo da fim na ƙasar Yarabawa har zuwa rasuwarsa a 1996. Amma ɗan bai faɗa harkar kai tsaye ba. Aikin banki ya fara, yana taɓa fitowa a fim jefi-jefi, kamar a Saworoide na Tunde Kelani a 1999. Daga baya ya ajiye aikin, ya tafi ya koyi haɗa fim, ya dawo da Irapada a 2006, labarin mutumin da ya yi watsi da gargaɗin mafarki.

Fim ɗinsa na 2009, The Figurine, shi ne ya kafa sunansa, kuma shi ne ya fi dacewa masu tace fim su zauna su kalla a tsanake. Abokai biyu masu yi wa ƙasa hidima sun tsinci gunki a wani tsohon wurin bauta a daji. An ce duk wanda ya taɓa gunkin, Araromire, zai yi shekara bakwai cikin arziki, sannan shekara bakwai na masifa su biyo baya. Arzikin ya zo, masifar ma ta zo, mai kallo kuwa ya gama sakankancewa aikin gunki ne. Sai can kusa da ƙarshe ta bayyana cewa akwai hannun mutum a ciki: ɗaya daga cikin abokan, wanda kishi da son matar abokinsa suka cinye, shi ne ke kitsa abubuwa yana fakewa da gunki. Fim ɗin bai rufe ƙofar gaibu ruf ba, ya bar mai kallo da tambaya, amma ya nuna yadda mugu ke samun mafaka a cikin camfin jama'a. Jami'in da zai ƙirga sau nawa aka nuno gunki ya yanke hukunci da haka, zai hukunta fim ɗin da ya fi kowane yi wa manufar hukumarsa aiki. A 2010 fim ɗin ya lashe kyaututtuka biyar a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, ciki har da na gwarzon fim.

Haka abin yake a Anikulapo, wanda ya fito a Netflix a 2022. Saro, masaƙi baƙo a tsohuwar daular Oyo, ya samu ikon tayar da matattu, ya yi suna da dukiya, sai girman kai da cin amanar matar da ta tsaya masa suka kai shi ƙasa. Masu kallo a Arewa kuwa sun fi tuna Afolayan da October 1 na 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da aka tura wani gari a Yamma gab da samun 'yancin kai don ya gano mai kashe mata. A can ma an fara zargin masu bautar gargajiya, daga baya aka gano mai laifin ɗan boko ne, ɗan sarki.

Wannan salo ba baƙo ba ne a Arewa, kuma babu inda ya fi Jihar Neja hujja a kai. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, kuma Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce cike suke da aljannu da abubuwan al'ajabi, an kuwa shafe shekaru ana karantar da su a makarantu ba tare da wani ya ce sun koya wa yara bokanci ba. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, wanda ya gina Burning Grass a kan sokugo, sammun da ke sa Bafulatani yawo ba tsayawa. A Minna ɗin dai aka haifi Ben Okri a 1959, wanda labarinsa na yaro ɗan wabi, The Famished Road, ya ci kyautar Booker a Ingila a 1991. Ga dutsen Zuma, wanda ma'aikacin da ke zaune a Suleja ko Madalla ke gani kullum a hanyarsa ta zuwa ofis, da duk labaran da ake bayarwa a kansa. Jihar da ke da wannan taska ba ta da darakta ko ɗaya da duniya ta sani da irin wannan fim.

Ba rashin basira ne ya jawo haka ba. Mai shirya fim na Hausa yana aiki ne tsakanin hukumar tarayya da ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da kuma ra'ayin jama'ar da ke da cikakken dalilin yin taka-tsantsan, tunda Musulunci ya tabbatar da samuwar aljannu ya kuma haramta zuwa wurin boka. Wanda bai san inda iyaka take ba, sai ya zaɓi abin da ba zai jawo masa magana ba, wato soyayya da rikicin kishiyoyi. Idan kuma ya kuskura ya taɓa gaibu, kuɗin da zai yi shi da kyau babu, sai a ƙare da aljani mai hoda a fuska wanda yara ke yi wa dariya. Afolayan ya tsallake wannan ramin ne da tallafin kamfanoni, da yarjejeniyar fina-finai uku da ya ƙulla da Netflix a 2021, har ya gina ƙauyen fim a Igbojaye ta Jihar Oyo da makarantar koyar da sana'ar a Legas.

Wannan jarida tana ganin aiki biyu ne ke gaban ma'aikatar da hukumarta. Na farko, a rubuta wa jami'ai da masu shirya fim bayani dalla-dalla, da Hausa da sauran manyan harsuna, a kan abin da ake nufi da ƙawata tsafi, a kafa misali da fina-finan da kowa ya sani, domin ƙa'idar da ba a fayyace ba takan koma sanda a hannun wanda ya ga dama. Na biyu ya shafi Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da cibiyar horarwarta da ke Jos. Daga Abuja zuwa Minna tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma garin yana da matasan marubuta da cibiyar Hill-Top ta B.M. Dzukogi ta daɗe tana rainonsu. Horo a kan rubutun fim, ɗaukar sauti da haɗa hoto da kwamfuta, wanda za a shirya tare da gwamnatin jihar, ba zai ci kuɗin da ya kai na taron bita guda a otal ɗin Abuja ba. Mataimakan da ke tsara kasafin ma'aikatar na shekara mai zuwa su ne za su iya sa masa layi.