Malam, Sikelinka Na Da Ha'inci

Na karanta rubutunka, Malam, inda ka ce a daina gardama: a ƙirga sau nawa aka ambaci binciken masani, a haɗa da yawan abokan rubutunsa, shi ke nan an san nauyinsa. Haba!

Takardar da Andrew Wakefield ya fitar a mujallar Lancet a 1998, wadda ta shafa wa rigakafin ƙyanda baƙin fenti, an ambace ta fiye da sau dubu. Da yawa don su ƙaryata ta suka ambace ta, mujallar kuma ta janye ta a 2010. Lissafinka bai san yabo da tsinuwa ba, duk maki ne. Gregor Mendel kuwa ya buga bincikensa na gādon halitta a 1866, ya mutu a 1884, sai a 1900 duniya ta waiwaye shi. Da kai ne shugabansa, da bai ga ƙarin girma ba.

Haɗin gwiwa? A 2015 an fitar da takardar kimiyya guda mai ɗauke da sunayen marubuta sama da 5,000. Wa ya yi noman, wa ya zo cin tuwo?

Malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nazarin waƙoƙin Shata da Hausa fa, ina Scopus, rumbun da ke ƙirga ambaton bincike, zai gan shi? Ka buɗe aikin mutum ka karanta, Malam.