Sudan: Yadda wayar salula ta zama banki da kicin da fagen yaƙi a Khartum da Omdurman

Tun ranar 25 ga watan Yulin 2025 mazauna Khartum da Omdurman ba sa iya kiran waya ko kiran bidiyo ta WhatsApp kamar yadda suka saba. Hukumar kula da sadarwa ta Sudan ce ta ba da umarnin toshe kiran, inda ta ce dalilan tsaro ne suka sa, amma ta bar saƙonnin rubutu da zaurukan hira suna aiki. Ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi, wannan na iya zama ƙaramin labari. A ƙasar da fiye da mutum miliyan 12 suka bar gidajensu, kiran WhatsApp shi ne hanya mafi arha da uwa a Omdurman ke jin muryar ɗanta da ke Alƙahira ko Adre ko Jidda, kuma ta nan ne ake shirya aiko da kuɗin abinci.

Matakin ya sake nuna abin da yaƙin ya fito da shi fili tun da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Rayuwar talaka ta rataya a kan waya, amma makullin wayar yana hannun wasu: masu riƙe da bindiga, da bankuna, da kamfanonin da hedikwatarsu ke can nesa da Kogin Nilu.

Bankak, bankin da ke cikin aljihu

A makonnin farko na yaƙin an wawashe rassan bankuna da dama a Khartum, wasu kuma aka rufe su. Tsarin da ke haɗa bankunan ƙasar wajen musayar kuɗi ya tsaya, saboda na'urorinsa suna tsakiyar inda ake ɓarin wuta. Takardun kuɗi suka yi ƙaranci, kuma ɗaukarsu a jiki ya zama kasada a shingayen bincike.

A wannan giɓi ne manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama kamar kuɗin ƙasa na biyu. Akwai wasu irinta, kamar Fawry ta Bankin Musulunci na Faisal da O-Cash ta Bankin Ƙasa na Omdurman, amma Bankak ce ta fi yaɗuwa. Yadda abin ke tafiya mai sauƙi ne. Ɗan'uwa a Saudiyya ya ba wani ɗan canji riyal, ɗan canjin ya tura fam na Sudan zuwa asusun iyalin, su kuma su biya mai kanti ta hanyar nuna masa shaidar turawa a fuskar waya. Wanda ba shi da asusu sai ya nemi maƙwabci mai shi.

Sauƙin yana da tsadarsa. Duk mai son mayar da kuɗin waya zuwa tsaba sai ya biya la'ada ga ɗan kasuwa, kuma a lokutan tsanani la'adar ta kai kashi 20 cikin 100 a wasu unguwanni. Darajar fam ita ma ta zube: kafin yaƙi dala ɗaya tana kusan fam 600, amma a cikin 2025 ta haura fam 3,000 a kasuwar bayan fage. Mazauna yankunan da RSF ta riƙe sun kuma ba da labarin yadda mayaƙa ke tilasta wa mutum buɗe manhajarsa ya tura abin da ke ciki, ko a kama wani a nemi kuɗin fansa ta wannan hanya.

A watan Disambar 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun sojoji. Sharaɗin shi ne mutum ya zuba tsoffin kuɗinsa a asusun banki, sannan a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Gwamnati ta ce tana son kashe darajar kuɗin da aka wawashe da kuma na jabu. Sakamakon shi ne an ƙara tura jama'a zuwa ga manhajoji, an kuma raba ƙasar gida biyu ta fuskar kuɗi, domin RSF ta haramta sabbin takardun a yankunanta. Duk wanda ya ga wahalar canjin naira a Najeriya a farkon 2023, lokacin da masu POS ke sayar wa mutane kuɗinsu, zai gane wannan yanayi, sai dai a Sudan ana yin sa ne ana jin ƙarar harsashi.

Watan da layuka suka mutu

Raunin wannan tsari ya bayyana a farkon Fabrairun 2024, lokacin da manyan kamfanonin sadarwa uku, wato Zain na Kuwaiti da MTN na Afirka ta Kudu da Sudani na kamfanin Sudatel, suka ɗauke kusan a lokaci guda. Cibiyoyin da ke sarrafa layukan suna cikin Khartum, a yankunan da RSF ke iko da su a lokacin. Jami'an gwamnati da majiyoyi a kamfanonin sun ɗora wa RSF laifin kashe su don matsa lamba a maido da sadarwa a Darfur, ita kuma ta musanta ta mayar da zargin kan sojoji. Kamfanonin sun koma kafa sabbin cibiyoyi a Port Sudan, sabis ya riƙa dawowa sannu a hankali a gabashi da arewaci, amma sassa da yawa na Khartum da Jazira da Darfur sun daɗe a cikin duhu.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu dafa abincin sadaka. A Omdurman da Bahri da kudancin Khartum, matasan unguwa da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa ne ke riƙe da wuraren dafa abinci na al'umma da ake kira takaya, inda ake raba wake da adas da kunu ga dubban iyalai. Kuɗin da suke sayen gawayi da hatsi na zuwa ne daga 'yan Sudan mazauna waje da ƙungiyoyin agaji, kusan duka ta Bankak. Da layi ya ɗauke, tukwane da yawa suka sauka daga murhu. Waɗannan matasa ne aka ba lambar yabo ta Rafto da ta Right Livelihood a 2025, amma yabon bai canza gaskiyar cewa aikinsu na iya tsayawa a duk ranar da wani ya kashe na'ura ba.

Toshe intanet ba sabon abu ba ne a Sudan. Bayan tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar sojoji ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe intanet ɗin waya fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufewa na tsawon makonni uku da 'yan kwanaki. Bambancin shi ne a wancan lokaci ana so ne a hana masu zanga-zanga haɗa kai. A 2024 kuwa rufewar ta shafi cin abinci kai tsaye, domin kasuwa da albashi da agaji duk sun riga sun koma cikin waya.

Faifan Starlink da ikon kamfani ɗaya

Abin da ya cike giɓin shi ne Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam na kamfanin SpaceX mallakar Elon Musk. Gwamnatin Sudan ba ta ba shi lasisi ba, amma faifansa sun shigo ta ɓarauniyar hanya daga Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu, da rajistar wasu ƙasashe. A kasuwanni da tsakar gidaje aka buɗe wuraren da mutum zai biya kuɗin awa ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ta Bankak, ya aika saƙo cewa yana raye. A yankunan RSF, mayaƙan ne ke mallakar faifan ko karɓar haraji a kansu, wato kuɗin da iyali ke biya don neman taimako yana ƙarewa a aljihun waɗanda suka jefa su cikin halin. Zama a irin wannan wuri kuma yana nufin akwai mai kallon wanda ya zo da abin da ya karɓa.

A watan Afrilun 2024 Starlink ya sanar da masu amfani da shi cewa zai katse sabis a ƙasashen da ba a ba shi izini ba daga ƙarshen watan. Ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙi kusan 100 suka fitar da sanarwar roƙon kada a yi haka a Sudan. Faifan sun ci gaba da aiki a wurare da yawa, amma darasin ya fito: shawarar da aka yanke a wani ofishi a Amurka na iya rufe kicin a Omdurman, kuma babu kotu ko majalisar Sudan da za a kai ƙara.

'Yan Sudan sun daɗe da sanin wannan ɗanɗano. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya hana su sauke manhajoji da yawa da sayen kaya ta intanet na tsawon shekaru. An sassauta ɓangaren kayan sadarwa a 2015, aka ɗage babban takunkumin a 2017, aka cire ƙasar daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disambar 2020, amma kamfanoni da yawa sun yi jinkirin buɗe ƙofa. Haka kuma wajen tace abin da ake wallafawa. Meta ya sauke shafukan RSF daga Facebook a Agustan 2023, X kuma bai dakatar da shafin Hemedti da na rundunarsa ba sai a Oktoban 2024. A tsakanin nan da bayansa, magoya bayan ɓangarorin biyu na ci gaba da yaɗa bidiyon tunzura jama'a da kalaman ƙabilanci a Facebook da TikTok, cikin Larabcin Sudan da na'urorin tacewa ba su cika fahimta ba.

Inda abin ya shafi Hausawa

Hausawan Sudan ba baƙi ba ne. Kakanninsu sun bi hanyar Hajji ta ƙasa tun ƙarnoni da suka wuce, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu ke ɗauke da sunansa. A yau suna Jazira da Sinnar da Gadarif da Kasala da unguwannin talakawa na babban birnin.

Abu biyu ne ke sa lamarin waya ya fi musu nauyi. Na farko shi ne takarda. Buɗe asusun banki da rajistar layi na buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma Hausawa da sauran al'ummomin da asalinsu ke Yammacin Afirka sun daɗe suna kokawa cewa ana tsananta musu tambaya kafin a ba su. Idan kuɗi da agaji suka koma cikin manhaja, wanda ba shi da lamba sai ya dogara da asusun wani, ya biya la'ada, ya kuma yi fatan mai asusun na da amana. Mata masu sayar da shayi da abinci a bakin titi, da leburorin gona, su ne a sahun gaba na wannan rukuni.

Na biyu shi ne kalaman ƙiyayya. A rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu, shafukan sada zumunta sun cika da saƙonnin da ke kiran su baƙi. Ta waɗannan shafuka ne kuma Hausawa suka kira zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu garuruwa, 'yan'uwansu a Najeriya da Nijar suka ji abin da ke faruwa. Haka ɗaliban Najeriya, da yawansu daga Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum, suka yi amfani da bidiyon waya wajen matsa wa hukumomi lamba lokacin da suka maƙale a hanyar iyakar Masar, kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon Mayun 2023.

Abin lura ga maƙwabta

Sojoji sun ƙwace fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris ɗin 2025, kuma a watan Mayu suka ce sun kammala fitar da RSF daga jihar Khartum. Mutane na komawa, suna tarar da turakun sadarwa da aka lalata da wayoyin lantarki da aka sace. Hare-haren jirage marasa matuƙa a madatsar ruwa ta Merowe da tashoshin lantarki na Omdurman sun sa cajin waya kansa ya zama sana'a, inda mai faifan sola ke karɓar kuɗi. A shingayen bincike kuma, ɓangarorin biyu na duba wayoyin matafiya, kuma hoto ɗaya ko tsohon saƙo na iya jawo zargin haɗa baki da abokan gaba.

Yankin Hausa na Yammacin Afirka ya ɗan taɓa ganin irin wannan. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da sunan yaƙi da 'yan bindiga, har mutanen kan iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar. Starlink na aiki bisa doka a Najeriya tun 2023, a Nijar da Chadi kuma tun 2025, yayin da OPay da Moniepoint da kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana ke ƙara zama hanyar cinikin yau da kullum.

Tambayoyin da Khartum ta bari suna da amfani ga hukumomin Abuja da Yamai da Njamena tun kafin a shiga matsala. Shin cibiyoyin sarrafa layuka da na bankuna duk a birni ɗaya suke, ko akwai madadinsu a wani wuri? Wace doka ce ta fayyace wanda ke da ikon rufe layi, da tsawon lokacin da zai yi, da kotun da za ta duba shi? Shin mutum na iya tura kuɗi da ƙaramar waya ba tare da intanet ba? Su waye ba su da katin shaida, kuma me aka tanadar musu idan tsabar kuɗi ta ɓace? Ga iyalai masu 'yan'uwa a Sudan kuwa, abin da ke aiki a yanzu shi ne saƙon rubutu da na murya da aka naɗa, da ajiye lambar mutum fiye da ɗaya a unguwa, da tabbatar da mai asusu kafin a tura kuɗi, domin masu damfara ma sun koyi amfani da sunan takaya.