A Daina Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Abin takaici ne yadda da zarar intanet ya ɗauke a gida, sai maigida ya sunkuci kwamfutarsa ya nufi wurin mai gyara. Can a ce sai an wanke ta kakaf, ya biya kuɗi, takardu da hotunan shekara da shekaru su salwanta, ya komo gida ya tarar da matsalar tana nan daram. An bar jaki, ana dukan taiki.

Ya kamata jama'a su gane cewa abubuwa uku ne a hanyar: kwamfuta, da rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, da kuma kamfanin da ke kawo intanet. Gano mai laifi a cikinsu ba ya cin ko kwabo. Maigida ya haɗa wayarsa da rautar. Idan wayar ma ta kasa, to kwamfuta ba ta da laifi. Sai ya duba ko datarsa ce ta ƙare, ya kashe rauta, ya dakata rabin minti, sa'an nan ya kunna.

Sau da yawa kuwa mazaunin rautar ne sila. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna raunana siginar, amma sai ka ga an cusa ta bayan kabad a ƙuryar ɗaki. Wurinta tsakiyar gida ne, a bisa. Zangon 5GHz ya fi sauri, amma na 2.4GHz ya fi ratsa bango, don haka shi ya dace da ɗaki mai nisa.

Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin gida. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har aiki ya tsaya a wasu bankunan ƙasar nan. Wane mai gyara ne zai magance wannan?

In laifin kamfani ne, a kai masa ƙorafi. In ya yi kunnen uwar shegu, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da layi na kyauta, 622. Amma kada kowa ya yarda a wanke masa kwamfuta sai ya gwada waɗannan tukuna, ya kuma kwafe takardunsa ya adana.