Cinyar uwa ba kujera ba ce

Duk wanda ya tsaya tashar Tawa ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya san yadda ƴaƴan Adar ke tafiya: jinjiri bisa cinyar uwa kusa da direba, ƙanana bisa buhunan hatsi a bayan akori-kura, wani kuma a kan tankin babur. Haka ake kama hanyar Tabalak da Abalak, kowa na faɗin sai yadda Allah Ya yi.

Alhali kuwa masana sun daɗe da auna abin da karo ke yi wa jikin yaro. Kan jinjiri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. In mota mai gudun kilomita 50 ta yi karo, yaro mai kilo 10 yakan fizge da ƙarfin da ya kai kusan kilo 300. Babu hannun uwar da zai riƙe wannan, komai ƙaunarta. Shi ya sa a 1964 wani likitan Suwidin, Bertil Aldman, ya ƙera kujerar yaro mai fuskantar baya, domin bugun ya bazu a gadon baya maimakon ya taru a wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kariya na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari.

Za a ce wannan maganar masu hali ce. Da gaskiya a ciki, don an yi binciken ne bisa motar da kowa ke da mazauninsa, kuma talakan Barmu ko Afala bai zaɓi akori-kura don marmari ba. Amma ma'aikaci da ɗan kasuwa, masu motar kansu, wace hujja gare su? Motocin da ake shigo da su daga Turai da yawansu na zuwa da maƙalan ƙarfe na ISOFIX a kujerar baya. Kujerar yaron ce kaɗai ake barowa can. Mayar da yaro baya kuwa, nesa da jakar iskar da ke fashewa gaban fasinja, ko dala ba ya ci.

Ya kamata gwamnati ta ɗauke kuɗin duwan bisa kujerun yara, hukumar ANISER da jandarmomi kuma su hana zaunar da yaro a gaba. Sauran aikin na Jami'ar Djibo Hamani ne da babban asibitin Tawa: su ƙidaya yaran da hatsari ke kawowa, da irin rauninsu, da wurin da kowane ke zaune lokacin da motar ta kife.