Marc-Vivien Foe: Abin da mutuwarsa ta sauya da abin da ba ta sauya ba

A ranar 26 ga watan Yunin 2003, ana minti na 72 da fara wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyoyi tsakanin Kamaru da Kolombiya, ɗan wasan tsakiya na Kamaru, Marc-Vivien Foe, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar filin wasa na Gerland da ke birnin Lyon na Faransa. Babu wani ɗan wasa kusa da shi a lokacin.

Likitoci sun shafe kimanin minti 45 suna ƙoƙarin farfaɗo da shi, amma rai ya yi halinsa. Yana da shekaru 28 da haihuwa.

Kamaru ta ci wasan da ɗaya da nema, kuma 'yan wasanta suna cikin murna ne labarin ya iso musu. Kwanaki uku bayan haka suka buga wasan ƙarshe da Faransa, inda Thierry Henry ya zura ƙwallo guda da ta raba gardama, amma ba sakamakon ne mutane suka riƙe ba.

Ba a kan Foe aka fara irin wannan mutuwa ba. Sai dai tasa ta auku ne a gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta shirya da kanta, a ƙasar da ke da ƙwararrun likitoci, ana kuma nunawa kai tsaye a talabijin. Wannan ne ya sa mahukuntan wasan ba su samu hanyar kauce wa tambayoyi ba.

Daga Yaounde zuwa Manchester

An haifi Foe ne a birnin Yaounde a ranar 1 ga watan Mayun 1975, ya kuma yi suna a ƙungiyar Canon Yaounde. Yana ɗan shekara 19 ya je gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Kamaru ba ta taɓuka abin kirki ba a gasar, amma shi ya samu shiga ƙungiyar Lens ta Faransa, wadda ta lashe gasar ƙasar a 1998.

A shekarar ce ƙungiyar Manchester United ta nuna sha'awar sayensa, sai ya samu karaya a ƙafa. Cinikin ya wargaje, gasar cin kofin duniya ta 1998 kuma ta wuce shi. A 1999 ya koma West Ham ta Ingila, a 2000 ya dawo Faransa inda ya ci gasar ƙasar tare da Lyon a 2002, kafin a ba da aronsa ga Manchester City. Shi ne ɗan wasan City na ƙarshe da ya ci wa ƙungiyar ƙwallo a tsohon filinta na Maine Road, kuma bayan rasuwarsa ƙungiyar ta jingine riga mai lamba 23 da yake sawa.

Masu sha'awar ƙwallo a Najeriya ba za su manta da shi ba, ko da yake ba don daɗi ba. Yana cikin 'yan wasan Kamaru da suka doke Super Eagles a bugun fenareti a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Legas a shekara ta 2000, suka kuma sake ɗaukar kofin a Mali a 2002.

Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, wanda aikinsa shi ne gudu daga wannan gefe zuwa wancan na tsawon minti 90. Ya bi ta hannun likitocin manyan ƙungiyoyi huɗu a ƙasashe biyu na Turai. Duk da haka sai bayan mutuwarsa ne bincike ya nuna cewa yana da cutar kaurin tsokar zuciya.

Yadda cutar take

Cutar, wadda galibi gadonta ake yi, tana sa bangon zuciya ya yi kauri fiye da kima. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 500 na ɗauke da ita, kuma da yawa sukan rayu har tsufa ba tare da sun sani ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan aka takura wa jiki, domin a lokacin ne bugun zuciya kan iya rikicewa har ta daina harba jini.

Abin da ke wahalar da ganewa shi ne, zuciyar ɗan wasa mai ƙoshin lafiya ma takan ƙara girma saboda yawan atisaye. Haka kuma gwajin bugun zuciyar 'yan wasa baƙar fata yakan nuna wasu alamu waɗanda a jikinsu ba cuta ba ne, amma a jikin wasu abin tsoro ne. An daɗe ana auna 'yan Afirka da ma'aunin da aka samo daga Turawa, kafin ƙwararru su gyara ƙa'idojin a shekarun baya-bayan nan.

Ƙasar Italiya ce ta yi gaba a wannan fanni. Tun 1982 doka ta wajabta gwajin zuciya ga duk mai shiga gasar wasanni, kuma wani nazari da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa mutuwar fuju'a tsakanin matasan 'yan wasa a lardin Veneto ta ragu da kashi 89 cikin ɗari.

Wannan tsari ne ya ceci Nwankwo Kanu. Jim kaɗan bayan ya jagoranci Najeriya ta ci lambar zinariya a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa. An yi masa aiki a birnin Cleveland na Amurka, ya dawo fili, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya mutu a filin wasa na Surulere da ke Legas a ranar 12 ga watan Agustan 1989 yayin wasan Najeriya da Angola, bai samu wannan gata ba.

Mintuna kaɗan

Bayan mutuwar Foe, FIFA ta fito da tsarin binciken lafiyar 'yan wasa kafin gasa, wanda aka fara aiki da shi gabanin gasar cin kofin duniya ta 2006. A 2013 ta rarraba wa hukumomin ƙasashe jakunkunan agajin gaggawa masu ɗauke da na'urar farfaɗo da zuciya ta hanyar lantarki, a 2014 kuma aka buɗe rajistar irin waɗannan mace-mace tare da haɗin gwiwar jami'ar Saarland ta Jamus.

Alƙaluman rajistar na 2014 zuwa 2018 sun ƙunshi 'yan wasa 617 daga ƙasashe 67, kuma 142 ne kawai suka rayu. A inda aka danna ƙirji aka kuma yi amfani da na'urar, kashi 85 cikin ɗari sun tsira. A inda aka danna ƙirji ba na'ura, kashi 35 ne.

Ma'anar wannan ita ce gwaji, komai kyansa, ba ya kama kowa, don haka abin da aka yi a mintuna biyu ko uku na farko shi ne ke raba mai rai da matacce. Fabrice Muamba na Bolton, haifaffen Kinshasa, zuciyarsa ta tsaya na minti 78 a 2012, amma ya rayu. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a gasar Turai a watan Yunin 2021, aka farfaɗo da shi a cikin fili, kuma bayan wata takwas ya koma taka leda.

Patrick Ekeng, wani ɗan Kamaru mai shekaru 26, ya faɗi ne a birnin Bucharest a watan Mayun 2016, minti bakwai da shigarsa fili. Daga baya kotu a Romaniya ta samu likitar da ke cikin motar ɗaukar marasa lafiya da laifin sakaci. A garin Lafiya na jihar Nasarawa kuwa, lokacin da Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a wasansu da Katsina United a ranar 8 ga watan Maris na 2020, rahotanni sun ce motar da aka ajiye a filin ƙin tashi ta yi. Dokar tana nan a rubuce tun kafin ranar, mai tabbatar da an bi ta ne babu.

Wa ke da ikon hanawa?

Akwai kuma ɓangaren da na'ura ba ta iya magancewa. Raphael Dwamena, ɗan wasan gaba na Ghana, ya san da cutarsa. A 2017 cinikinsa zuwa Brighton ta Ingila ya rushe bayan gwajin lafiya. A 2020 an dasa masa ƙaramar na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, wadda ta taimaka wajen ceto shi lokacin da ya faɗi a wani wasa a Austriya a 2021. Daga bisani ya zaɓi a cire ta, ya ci gaba da wasa a Albaniya, inda ya mutu a fili a ranar 11 ga watan Nuwamban 2023, shi ma yana da shekaru 28.

Abu ne mai sauƙi a ce ganganci ya yi. Amma ga matashin da ya fito daga gidan talakawa, wanda dangi da dama ke dogaro da albashinsa, umarnin likita na ya ajiye takalma daidai yake da a ce masa ya rufe shagon da ke ciyar da gida. Kuma tunda kowace ƙasa da irin dokarta, wanda aka hana a nan yakan samu mai ɗaukarsa a can, yawanci a inda kula da lafiya ya fi rauni. Ko Eriksen ma barin Inter Milan ya yi saboda dokar Italiya ba ta yarda mai irin na'urarsa ya buga gasa ba, alhali ta Ingila ta yarda.

An yi wa Foe jana'izar ban girma ta ƙasa a Yaounde, aka binne shi a harabar cibiyar wasannin da ya fara ginawa domin matasa, wadda aikinta ya tsaya bayan mutuwarsa. A Faransa kuwa, tun 2009 ake ba da kyauta mai ɗauke da sunansa ga ɗan Afirkan da ya fi fice a gasar ƙasar, kuma cikin waɗanda suka karɓe ta akwai 'yan Najeriya, Vincent Enyeama a 2014 da Victor Osimhen a 2020.